A Rubuta Halin Dawar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa Tun Kafin Iri Ya Ɓace

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Sheme ko ta Ɗandume a lokacin kaka ya san cewa kalmar dawa suna ne na babban gida mai 'ya'ya da yawa. Ga kaura mai manyan ƙwayoyi ruwan ɗorawa, ga farafara fara tas, ga jar dawa, ban da takanɗa da ake shan karanta, da karan dafi da dukawa ke rina fata da shi. Haka abin yake ga gero da maiwa, da kuma wake, inda ake da kanannado da ɗan'ila da sauransu. In aka tambayi dattijon manomi daga Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, zai faɗi halin kowane iri dalla-dalla: wanda ke jure fari, wanda tsuntsu ba ya so, wanda ke daɗewa a rumbu ƙwari ba su huda shi ba, da wanda tuwonsa ke kwana bai saki ba. Wannan ilmi ne mai tsada, amma kusan dukkansa a ka yake, ba a takarda ba.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, lokaci ya yi da za a auna waɗannan siffofi, a rubuta su bisa tsari ɗaya, sannan a buɗe su ga masu binciken kimiyyar gado na gida da na waje, bisa sharuɗɗan da za su kare haƙƙin manoman da suka raini irin. Akwai masu ganin cewa buɗe irin wannan bayani sakaci ne da dukiyar ƙasa. Hujjarsu tana da ƙarfi, kuma za a dube ta a gaba.

Siffa da gado

Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan karin magana ya tabbatar da cewa akwai gado, amma bai faɗi yadda gadon ke tafiya ba. Wanda ya fara gano ƙa'idar shi ne Gregor Mendel, wani malamin coci a garin Brno, wanda ya buga sakamakon bincikensa a 1866. Mendel bai taɓa ganin ƙwayar gado da idonsa ba. Abin da ya yi kawai shi ne, ya zaɓi siffofi 7 na wani nau'in waken Turai, ya haɗa auren tsirrai masu siffofi mabambanta, ya zauna ya ƙirga jikokinsu. A gwaji ɗaya ya sami ƙwayoyi 5,474 masu santsi da 1,850 masu tamoji. A wani kuma ya sami 6,022 ruwan ɗorawa da 2,001 koraye. Ɗalibin da ya raba babban adadi da ƙaramin zai ga cewa a duka biyun amsar ta kusa 3. Daga wannan kaso na 3 da 1 ne Mendel ya fahimci cewa kowace siffa tana da ƙwayoyin gado biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma ɗaya kan rinjayi ɗaya.

Abin lura a nan shi ne, aikin Mendel ya kwanta shekara 34 ba a kula da shi ba, sai a 1900 wasu masana suka sake tono shi. Da a ce ya bar alƙalumansa a cikin akwati, da sun tafi tare da shi. Saboda ya buga su ne wasu suka iya gwada nasu sakamakon da nasa. Ashe ke nan kimiyyar gado tun daga tushenta ta ginu ne a kan abu biyu: auna siffa da kyau, da kuma nuna wa wasu abin da aka auna.

Inda gizo ke saƙar a yau

A zamanin nan karanta sinadarin gado, wato DNA, ya zama abu mai sauƙi. An buga cikakken jerin DNA na dawa a 2009, mai haruffa kimanin miliyan 730. Na gero ya biyo baya a 2017, na wake kuma a 2019. Aikin karanta DNA na ɗan'adam da aka kammala a 2003 ya ci kusan dala biliyan 3, amma yanzu ana yin irinsa da abin da bai kai dala 1,000 ba. To, sai dai karanta haruffa daban, sanin ma'anarsu daban. Mai bincike da ke riƙe da jerin DNA na wata dawa kamar yaro ne da ya iya haɗa baƙi a harshen da ba ya ji. Na'ura ba za ta faɗa masa wane sashe ne ke sa dawa ta jure fari ba, sai an kawo mata bayanin abin da ya faru a gona.

Hanyar da ake bi ita ce, a tara iri ɗaruruwa, a karanta DNA ɗin kowanne, a kuma auna siffofinsa a gona. Daga nan sai a sa kwamfuta ta nemo wurin da duk masu jure fari suka yi tarayya a haruffa, alhali marasa jurewa sun saɓa. In iri 10 kawai aka gwada, daidaituwar na iya zama dace ne kurum. In sun kai 500, hujjar ta yi ƙarfi. Bugu da ƙari, siffar da ido ke gani haɗin gwiwa ce tsakanin gado da muhalli. Iri ɗaya zai yi tsawo a ƙasar laka ta Sabuwa, ya gajarce a jigawar Daura. Saboda haka dole a auna shi a wurare da yawa, cikin damina da yawa, kafin a rarrabe abin da gado ya kawo da abin da ƙasa da ruwan sama suka kawo. Babu mai bincike ɗaya, babu ma cibiya ɗaya, da za ta iya wannan aiki ita kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da musaya ta riga ta haifar

Manoman wake sun san wuta-wuta, ciyawar da ke manne wa saiwa ta tsotse shuka tun kafin ta ɓullo a ƙasa. Maganinta ya fito ne daga inda ba a zata ba. Wani waken gargajiya na ƙasar Botswana, wanda masana suka yi wa lamba B301, an gwada shi an ga wuta-wuta ba ta kama shi, aka kuma bayyana hakan ga duniya. A 1990 B. B. Singh na cibiyar IITA da A. M. Emechebe na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka nuna cewa ƙwayar gado ɗaya ce mai rinjaye ke ba shi wannan kariya, wato kason nan na Mendel ya sake bayyana a gonar wake. Daga zuriyar B301 aka samar da irin da aka saki a Nijeriya a 2008 da sunan SAMPEA 10. Wani abin sha'awa kuma, wannan iri ne aka zaɓa aka karanta DNA ɗinsa a 2019 a matsayin ma'aunin wake na duniya. Manomin Faskari da ya shuka SAMPEA 10 yana cin gajiyar manoman Botswana da bai taɓa gani ba.

Misali na biyu shi ne gyaɗa. A 1975 cutar da masana ke kira rozet, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta lalata kimanin hekta 700,000 na gyaɗa a arewacin Nijeriya, asarar da aka ƙiyasta a kan dala miliyan 250. Tana cikin dalilan da suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa a Kano. Gyaɗar da ke jure wannan cuta an gano ta ne tun a shekarun 1950, a cikin irin gargajiya na kan iyakar Burkina Faso da Kwaddebuwa, lokacin da annobar ta faɗa wa gonar gwaji ta Bambey a Senegal aka ga waɗansu layuka sun tsaya kore shar. Wani ne ya lura, ya rubuta, ya sanar. A kan irin wannan tushe aka gina aikin da ya kai ga sakin SAMNUT 21 da 22 da 23 a 2001.

Musayar ba ta kasance ta karɓa kawai ba. A farkon shekarun 1950 wani masani Ba'amurke mai suna O. J. Webster ya kai kaurar arewacin Nijeriya Amurka, kuma daga gare ta masu kiwon iri na can suka sami siffar ƙwaya mai ciki ruwan ɗorawa. Ita kanta ƙasar Faskari tana da tarihi a wannan fage. A shekarun 1920 aka kafa gonar yaɗa irin auduga a Daudawa, inda ake ninka irin da aka tace kafin a raba wa manoma. Audugar Allen da aka gina wannan aiki a kanta daga Amurka ta zo. Iri bai taɓa sanin kan iyaka ba, kuma bayanin halinsa ne ke sa a san darajarsa in ya isa baƙon wuri.

Abin da ake gab da rasawa

Dawar gargajiya ta kudancin Katsina tana da wata baiwa da ɗalibi ya kamata ya sani. Tana auna tsawon yini. Ko an shuka ta da wuri ko a makare, ba ta fitar da kai sai yini ya fara gajarta, wanda ke dacewa da ƙarshen damina a yankin da ta saba. Ta haka ƙwayar ke nuna cikin iskar kaka, ta tsira daga ruɓewa. Binciken da D. L. Curtis ya yi a Samaru a shekarun 1960 ya nuna cewa dawar kowane yanki ta daidaita da lokacin ɗaukewar ruwan yankinta. Wannan daidaito aikin kakanni ne, waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna ware zangarniya mafi kyau don iri. Ba a sayen irinsa a shago.

Yanzu kuwa wannan gado yana fuskantar barazana ta fuska biyu. Ta farko ita ce sauyin noma: masara da waken suya da sababbin iri masu saurin nuna suna karɓe gonakin da a da ake shuka dawar gida. Ta biyu, wadda ta fi muni, ita ce rashin tsaro. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna cikin ƙananan hukumomin Katsina da suka fi shan wahalar 'yan bindiga. Ba a manta da daren 11 ga Disamba 2020 ba, lokacin da aka sace ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. Ƙauyuka da dama sun watse a shekarun da suka biyo bayan ɓarkewar rikicin, an ƙone rumbuna, an bar gonaki. Asarar rai ita ce babba, babu abin da za a kwatanta da ita. Amma akwai wata asara da ke biye da ita a ɓoye. Irin da ba a shuka ba yakan mutu cikin 'yan shekaru a ajiyar gida, iyalin da ya yi gudun hijira kuma yakan cinye irinsa don yunwa. In dattijon da ya san halin irin ya rasu a garin da ya fake, iri da ilminsa sun tafi tare.

Gaskiya ne akwai rumbunan ajiyar iri na zamani, inda ake busar da ƙwaya a sanya ta cikin sanyi mai tsanani ta yi shekaru masu yawa. Akwai na ƙasa a Ibadan, wato NACGRAB, da aka kafa a 1987. IITA na riƙe da nau'in wake fiye da 15,000, ICRISAT na da rumbu a Sadore kusa da Yamai, sannan ga babban rumbun Svalbard na ƙasar Norway da aka buɗe a 2008. Amma ƙwayar da aka ajiye babu bayanin halinta kamar magani ne a kwalbar da takardarta ta goge. Mai kiwon iri da ke neman dawa mai jure wuta-wuta ba zai iya shuka dubban nau'o'i don lalube ba. Wanda aka rubuta halinsa shi zai ɗauka.

Hujjar masu ɗari-ɗari

Masu adawa da buɗe bayani suna da misalin da ba za a yi watsi da shi ba. Wata shinkafar daji ta ƙasar Mali tana da kariya daga wata cutar ganye. An kai ta cibiyar binciken shinkafa ta Filifin, daga can zuriyarta ta isa Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, inda a 1995 aka ware ƙwayar gadon mai suna Xa21, jami'ar kuma ta nemi takardar mallaka a kanta. Daga baya jami'ar ta kafa asusu don raba amfanin da ƙasashen da irin ya fito, amma darasin ya riga ya zauna a zukata: mai na'ura da lauya yana iya mallakar abin da talaka ya raina. Akwai kuma tsoro na cikin gida. Malamin jami'a da ya yi damina uku yana auna tsirrai cikin rana yana fargabar wani ya ɗauki alƙalumansa ya riga shi bugawa, alhali da bugu ake samun ƙarin girma.

Waɗannan koke-koke gaskiya ne. Sai dai ɓoye bayani ba ya maganin ko ɗaya daga cikinsu. Dalili kuwa, dubban nau'o'in dawa da gero da wake na Nijeriya sun riga sun shiga rumbunan duniya tun shekaru da dama, kuma duk wanda ya sami ƙwaya ɗaya zai iya karanta DNA ɗinta. Abin da ke kare mai abu shi ne shaidar da ke nuna cewa shi ya riga kowa sani. A dokar mallakar ƙirƙira, ba a ba mutum mallakar abin da aka riga aka bayyana a rubuce. Takardar da ke cewa dawa kaza ta ƙauye kaza a Sabuwa tana jure fari, ɗauke da kwanan wata, ita ce hujjar da za a nuna in gardama ta taso. Ƙauyen da bai rubuta komai ba, ba shi da abin nunawa.

Daɗin daɗawa, dokokin duniya sun canja tun bayan zamanin Webster. Yarjejeniyar Rio ta 1992 ta amince cewa kowace ƙasa ita ke da iko da albarkatun halittunta. Yarjejeniyar irin shuka ta 2001 ta tsara yadda za a yi musayar amfanin gona 64, har da dawa da gero da wake da masara, tare da raba riba. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta wajabta neman izinin al'umma kafin a ɗauki ilminta na gargajiya. A 2024 kuma, a taron Cali na ƙasar Kolambiya, aka amince da kafa asusun da kamfanoni masu cin riba daga bayanan DNA za su riƙa zuba wani kaso. Waɗannan tsare-tsare suna da rauni, kuɗin da ke shiga cikinsu bai taka kara ya karya ba. Duk da haka, wanda sunansa ke cikin rajista ne kaɗai zai iya neman rabonsa.

Sharuɗɗan musaya ta adalci

Saboda haka abin da ya dace shi ne a buɗe bayani bisa sharuɗɗa huɗu. Na farko, a nemi yardar manomi da shugabannin al'ummarsa, a yi musu bayani da Hausa a kan inda bayanin zai je. Na biyu, sunan da manoma ke kiran irin da sunan yankinsa su bi bayanin duk inda ya shiga, kada a mayar da shi lamba tsura. A halin rashin tsaro da ake ciki, sunan gunduma ya wadatar a abin da za a baza, sunan mutum da wurin rumbunsa kuwa su tsaya a rajistar cibiya. Na uku, wanda ya yi awon a ambace shi a duk aikin da aka gina a kan alƙalumansa, jami'o'i kuma su riƙa lissafa tarin bayani mai inganci a cikin ayyukan da ake ƙara wa malami girma da su. Na huɗu, sakamako ya dawo gida: in an samar da sabon iri daga dawar Faskari, manoman Faskari su kasance cikin waɗanda za su fara samunsa, kuma kwafin irin asali ya zauna a Samaru da Ibadan, domin al'ummar da ta rasa nata ta iya karɓa ta sake shukawa.

Rawar da makarantu za su taka

Wannan aiki bai fi ƙarfin makarantar sakandare ba. Kayan da ake bukata su ne ma'aunin tsawo, da ƙaramin sikeli, da ma'aunin ruwan sama, da littafi mai layi. Ba sai an shiga daji ba. Ɗalibai su karɓo ɗan iri daga iyaye da kakanni, musamman waɗanda suka baro ƙauyukansu, a shuka a lambun makaranta cikin gari. Ga kowane iri a rubuta sunansa, da inda ya fito, da ranar shuka, da irin ƙasar, da takin da aka sa. A zaɓi tsirrai 10 daga tsakiyar layi, a auna tsawonsu da santimita daga ƙasa zuwa ƙarshen zangarniya. A rubuta ranar da rabin tsirran suka yi fure. Alal misali, dawar da aka shuka ranar 15 ga Yuni ta yi fure ranar 28 ga Satumba ta ɗauki kwana 105. A ƙirga wuta-wutar da ta fito a kowane layi, a auna nauyin ƙwaya 100 bayan ta bushe, a kuma tambayi iyaye mata game da surfe da niƙa da tuwo, domin su ne masana wannan fanni.

Malami mai son nuna wa aji yadda dawa ke auna tsawon yini zai iya shuka iri ɗaya sau biyu, da ratar mako uku. In ranakun furen suka zo kusa da juna duk da ratar shuka, ɗalibai sun ga abin da idonsu. Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne gaskiya da ma'auni ɗaya. Buhu da tiya da taku suna bambanta daga gari zuwa gari, gram da santimita kuwa ɗaya suke a ko'ina. Layin da ya mutu a rubuta cewa ya mutu, domin wannan ma sakamako ne. Adadi ɗaya na ƙarya yana iya ɓatar da mai bincike shekara guda.

A nan ne nauyi ya hau kan manyan makarantu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, tare da hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha, ya kamata su fitar da takardar awo guda ɗaya da Hausa, su horar da malaman kimiyya, su tace abin da aka tattaro, su kuma sanya shi a rumbun bayanai na intanet da kowa zai iya dubawa. In makarantu 30 suka auna iri 20 kowacce a damina ɗaya, an sami bayanai 600, adadin da mai bincike ɗaya zai daɗe bai tara ba.

Kammalawa

Waken Botswana ya ceci gonaki a ƙasar Hausa saboda wani ya rubuta halinsa ya kuma sanar. Mai yiwuwa ne a cikin wani tulu a Ƙanƙara, ko a ƙullin tsumma a hannun wata tsohuwa da ta baro ƙauyenta a Sabuwa, akwai dawar da ke ɗauke da maganin farin da za a yi nan gaba. Ba za a sani ba sai an shuka, an auna, an rubuta, an nuna wa waɗanda za su iya karanta gadonta. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san tulun da take ciki. Damina mai zuwa ta isa a fara, kuma littafin farko yana iya fitowa daga lambun kowace makaranta.